Maganar Tana Wurin Atidu

Gwandu,
14 ga Agusta, 2024.

Yaya Muzzammil,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Zahra da yara. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa.

Kada ka yi mamakin ganin takarda a hannun Albarka direba, alhali ga waya a aljihun kowa. Na gaji da kiran ka ne. In na kira, daga "to" sai "madalla", sai ka ce ana jiran ka a shago. Takarda kuwa ba ka da yadda za ka katse ta, sai dai ka ninke, kuma na san halinka, za ka sake buɗewa.

An yi sadakar arba'in ranar Lahadi. Kawu Abu ya zo daga Dalijan da mutanensa, gidan ya cika har zaure. Kowa sai ya tambaye ni ina ɗan fari, ni kuma in ce aiki ne ya riƙe ka. Ƙarya na yi maka, Allah ya yafe mini. Na san ba aiki ba ne. Ko ranar jana'iza a bakin ƙofar ɗakin Baba ka tsaya, ba ka sa ƙafa ciki ba, ina kallon ka.

To, ba wannan ya sa na ɗauki biro ba. Maganar kwamfutar nan ce da ka kawo wa Baba shekara huɗu da suka wuce. Tana nan a kan teburinsa, an rufe ta da tsohon rawaninsa kamar yadda ya saba. Ka san da ita nake buga tambayoyin jarrabawar 'yan ajina, ga shi an kusa komawa makaranta. Yaya, kwamfutar nan ta tsufa fiye da mai ita. In na kunna ta, sai in ɗora ruwan shayi, ya tafasa, in dawo in tarar tana nan tana tunani.

Malam Matiyu, wanda muke koyarwa tare, shi ne mai ɗan sanin kanta a makarantarmu. Ya taɓa duba mini ita lokacin jarrabawar da ta wuce. Ya ce akwai wata rajista a cikinta da take rubuta wa kanta duk abin da ya faru: an kunna ta ƙarfe kaza, an kashe ƙarfe kaza, abu kaza ya ƙi aiki. Ya buɗe ya nuna mini, layi a kan layi, ba iyaka, wasu da alamar gargaɗi. Ya ce a ganinsa kwamfutar gida ba ta bukatar wannan, na ofis ne da banki, inda ake tsoron ɓarayi. Shawararsa a kashe rajistar, a goge abin da ta tara, ko kwamfutar ta samu ta yi numfashi.

Ya ce mafi yawan kurakuran na ƙoƙarin shiga ne da aka yi ba daidai ba. Wannan kam na san mai su. A makonninsa na ƙarshe, kullum bayan la'asar Baba zai yaye rawanin, ya kunna ta, ya kafa tabarau, ya yi ta dannawa da yatsa ɗaya. Ita kuma ta yi ta ƙin buɗewa. Na ga ya manta kalmar sirrin, sai na rubuta masa a takarda da manyan baƙaƙe na liƙa a gefe. Ya dubi takardar, ya dube ni, ya ce, "Ke bar ni, na san abin da nika yi." Na fita na yi kukana a madafi. Mutumin da ya haddace sunan kowane manomi daga nan har Dodoru lokacin da yake malamin gona, ga shi kalma ɗaya ta gagare shi.

Shi ya sa ma nake son a goge. Ba na son wani ya buɗe wata rana ya ga yadda kan Baba ya koma. Amma kayanka ne, kai ka kawo, kuma gyaran su ne sana'arka. Ka ba ni amsa ta hannun Albarka: a bari ko a kashe?

Jidda tana gaishe ka. Ta shiga shekara ta uku, bakinta ya buɗe, har yanzu tana leƙa ɗakin tana kiran kakanta. Ka gaida Anti Zahra da kyau.

Ƙanwarka,
Zulai.

*

Kalgo,
17 ga Agusta, 2024.

Zulai,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na gode. Muna lafiya. Allah ya karɓi sadakar da aka yi, ya saka wa Kawu Abu da alheri.

Game da tambayarki. Malam Matiyu ya yi gaskiya rabi. Rajistar ba ita ke sa kwamfutar nauyi ba, wurin da take ci kaɗan ne. Faifan cikin ne ya gaji, kuma shi sai an canja. Amfanin rajistar ɗaya ne: ranar da wani abu ya lalace, mai gyara zai buɗe ya ga abin da ya faru kafin lalacewar, ba sai ya yi ta lalube ba. A shago ina duba ta kusan kullum. Amma a gida, gaskiya ba mai karanta ta. Mutum zai yi shekara goma da kwamfuta bai san tana ciki ba. In gogewar za ta kwantar miki da hankali, ki goge. Ba abin da za a rasa.

Wannan ke nan.

Tunda kin ce takarda ba a katse ta, bari in faɗi abin da na kasa faɗa a waya. Kin yi daidai, ba aiki ne ya hana ni zuwa ba. Kina nan ranar ukun Inna, kin ji abin da na faɗa wa Baba a zaure, gaban Kawu Abu da maƙwabta. Na ce shi ya kashe ta da jinkirinsa. Na ce ya bar ta kwana biyar tana murƙususun ciwon ciki bai sa ta a mota zuwa Birnin Kebbi ba, sai da lokaci ya ƙure. Ya sa takalmansa ya shiga gida. Ni ma na hau mota na dawo Kalgo, kuma tun daga ranar ban sake zama gabansa ba.

Kin san yadda yake da ni. Ni ɗan fari ne, bai taɓa kiran sunana ba tunda aka haife ni. Da ina yaro "kai" ne, da na girma na koma "wancan na Kalgo". Ban taɓa jin haushin wannan ba, haka aka yi su. Kuma da can in na yi laifi, zai zaunar da ni ya yi ta faɗa, ni kuwa kaina a ƙasa, ba faɗan nake saurare ba, jira nake ya ce "amma". Da ya ce "amma", na san an wuce wurin. Abin da ke biyo baya kullum mai sauƙi ne: amma tashi ka ci tuwo, amma gobe ka raka ni fadama. Wannan karon bai yi faɗan ba, balle ya kai ga amman. Shekara biyu ina jira.

Kwana biyar kafin Babbar Sallah na rubuta masa takarda na ba Albarka. Na roƙe shi gafara, ban kawo wani uzuri ba. Albarka ya ce ya miƙa masa hannu da hannu, Baba ya sa a aljihu ya ce, "An gode." Na yi ta jiran kira. Na ce in an yi sati uku ban ji komai ba zan zo da kaina in durƙusa. Ranar da sati ukun ya cika kika kira ni kina kuka.

Ke kika yi jinyarsa. Ina tambayar ki don Allah, kuma kada ki tausaya mini: ya ce wani abu a kaina kafin ya cika? Ko kalma ɗaya ce, ina son in ji ta yadda ya faɗe ta.

Ki shafa mini kan Jidda.

Yayanki,
Muzzammil.

*

Gwandu,
22 ga Agusta, 2024.

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kun tashi lafiya.

Kwana biyar takardarka tana cikin jakata. Na fara amsa sau uku ina yagawa. Albarka har ya fara yi mini tsiya, wai ko tawada ce ta ƙare a Gwandu.

Na so in ce maka bai ce komai ba. Wallahi na so. Na riga na shirya yadda zan rubuta, cewa ciwon ya ci ƙarfinsa, bai samu bakin magana ba. Amma ka haɗa ni da Allah, kuma saƙo ne aka ba ni, ni na danne shi kwana hamsin. Ko ba ka tambaya ba, nauyinsa ya ishe ni.

Ranar Litinin, jajibirin rasuwarsa, da hantsi, na kawo masa kunu. Ya sha cokali biyu ya kau da kai. Hankalinsa garau yake a lokacin, har ya tambaye ni ko an yi wa geron bayan gida noma na biyu. Sai ya kama hannuna ya ce:

"Zulai, in wancan na Kalgo ya taho, ki hwaɗa mai maganata da shi tana wurin Atidu. Shi tambaye shi."

Tun muna makarantar allo aka karantar da mu mala'iku biyu masu rubuta ayyukan mutum, Raƙibu a dama yana rubuta na alheri, Atidu a hagu yana rubuta na sharri. Uba ya ce maganarsa da ɗansa tana wurin Atidu, me ya rage? Ya bar ka da ita ke nan sai an tsaya gaban Allah.

Na durƙusa na riƙe ƙafarsa. Na ce, "Baba, don girman Allah ka yafe mai. Ƙuruciya ce da zafin rashin uwa." Sai ya dube ni kamar na yi masa wani yare. Ya ce, "Ke mi kika ma kuka? Na ce miki tana wurin Atidu." Ya juya fuskarsa bango. Daga nan bai ƙara wata doguwar magana ba sai salati, har washegari da azahar.

Ga shi na faɗa maka. Ban gaya wa kowa ba, ko mijina, ko Kawu Abu. Tun ranar kullum sai na roƙa maka gafara a sujada, ina cewa Allah ya sanyaya zuciyar Baba a inda yake. Na san Baba ba mai riƙo ba ne, shi ya sa abin ya fi ba ni tsoro. Mutumin da ya yafe wa wanda ya cinye masa iyakar gona, a ce ya tafi da kai a zuciya.

Kada ka zauna da wannan kai kaɗai. Ka samu malami ka tambaya abin da ɗa zai yi wa mahaifin da ya rasu yana fushi da shi. Na ji ana cewa sadaka da addu'a da kyautata wa 'yan'uwansa suna isa. Kuma ka zo gida, Yaya. Mu biyu muka rage.

Maganar kwamfuta kuwa, tunda ka ce ba abin da za a rasa, shi ke nan. Malam Matiyu ya je hutu Zuru wurin iyayensa, jibi Asabar zai dawo. Na ce ya biyo ta gidan da yamma ya goge komai, in huta da ganin abin.

Allah ya ba mu haƙuri.

Ƙanwarka,
Zulai.

*

Kalgo,
Juma'a, 23 ga Agusta.

Zulai,

Sallama. Na kira ki ɗazu na ce kada kowa ya taɓa kwamfutar, kika yi ta tambaya ta me ya faru, na kashe wayar. Ki yi haƙuri. Ga bayanin, na tsayar da Albarka a tasha sai na gama rubutawa.

Atidun da Baba yake nufi ba mala'ika ba ne. Rajistar nan ce.

Ranar da na kawo masa kwamfutar, ba kya nan, kina gidanki. Na zaunar da shi ina koya masa shiga. Tsohuwar kwamfutar ofis ce, sai ka rubuta sunanka a gurbin sama, kalmar sirri a na ƙasa. Ya zo rubuta sunansa, DALHA, ya rubuta DALJA, ta ƙi buɗewa. Ya ce shi daidai ya rubuta, na'urar ce ba ta da kunya. Don in tsokane shi sai na shiga na buɗe rajistar, na nuna masa: ga ranar, ga lokacin, ga DALJA ɗinsa a rubuce. Kalmar sirri ba ta ajiyewa, amma duk abin da aka sa a gurbin suna, in ba daidai ba ne, sai ta rubuta shi yadda yake.

Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ce, "A'uzu billahi. Wa ya aje wanga?" Na ce ita da kanta, duk kuskuren da aka yi sai ta rubuta. Ya ce, "Ashe da Atidu cikin akwatin ga." Sannan ya yi istigfari, ya yi dariya. Ya ce in fita daga rajistar in mayar da ita shafin farko, zai gwada shi. Ya ɗauki minti biyar yana neman baƙaƙe, ya rubuta ATIDU INA WUNI a gurbin suna, ya danna. Ta ƙi buɗewa. Ya ce in duba. Na duba, ga gaisuwarsa. Ya yi dariya har da tari. Ban taɓa zama da Baba muka yi dariya mu biyu kaɗai ba sai ranar.

Zulai, bai manta kalmar sirri ba. Kansa bai taɓu ba. Ya san abin da yake yi, kamar yadda ya faɗa miki. Mutumin da bai iya kiran sunana ba, ba zai ɗauki waya ya kira ni ba, ba zai kuma ba ki takarda ki karanta a hanya ba. Ya sa maganar inda ya san ni kaɗai zan duba.

Ban san abin da ya rubuta ba. Wataƙila abin da kike tsoro ne. Ko mene ne, ina so.

In Malam Matiyu ya zo gobe, ki ce kada ya goge ko layi ɗaya. Ya buɗe ɓangaren tsaro na rajistar, ya nemo inda aka yi ƙoƙarin shiga aka kasa, tun daga farkon Yuni. A cikin kowane layi akwai wurin da aka rubuta sunan da aka gwada. Shi zai karanta miki, ke ki kwafa da hannunki, da kwanan wata, yadda yake. Kada ki gyara masa rubutu, kada ki tsallake komai.

Na san za ki ce me ya hana ni zuwa in duba da kaina, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba. Na je tasha da niyyar haka. Ƙafata ta ƙi hawa motar. In abin da ke ciki mai zafi ne, gara in karanta shi a nan, ba a kan kujerarsa ba.

Na ce miki ba abin da za a rasa. Ban taɓa faɗin maganar banza irin wannan ba, in ban da waccan ta zaure.

Muzzammil.

*

Gwandu,
26 ga Agusta, 2024.

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina kuma roƙon ka karanta wannan a zaune.

Malam Matiyu ya zo ranar Asabar bayan la'asar. Na yi masa bayani, ya zauna a kujerar Baba, ni ina gefe da littafin rubutu. Ya buɗe layi na farko, ya karanta. Ya ce, "Malama, ni na ɗauka kurakurai ne kawai. Ban taɓa buɗe cikinsu ba." Ga su yadda suke. Duk da manyan baƙaƙe ya yi su, kuma duk tsakanin ƙarfe huɗu da rabi ne da biyar da rabi.

12 ga Yuni: MUZZAMMIL

13 ga Yuni: MUZZAMMIL. Ya sake: MUZAMMIL. Ya sake: MUZZAMMIL DANA

14 ga Yuni: NA GA TAKARDARKA

15 ga Yuni: NA KARANTA SAU UKKU

Ranar Sallah da washegari ba komai, gidan cike yake da baƙi.

18 ga Yuni: BAN YI JINKIRI BA. Sannan: NA KAWO MOTA TA KIYA

19 ga Yuni: TA CE SAI AN YI SUNA

20 ga Yuni: BAN HWADA MA KOWA BA. Sannan: KAR ZULAI TA SANI

21 ga Yuni: MAGANARKA TA YI ZAHI

22 ga Yuni: GABAN MUTANE. Sannan: HAR YAU INA JIN TA

23 ga Yuni: AMMA

Minti ɗaya bayan wannan, rajistar ta rubuta cewa kwamfutar ta mutu ba a kashe ta ba. Na tuna ranar. Lahadi ce, hadari ya taso, aka ɗauke wuta. Na ji shi yana tsaki a ɗaki.

Ka ce kada in tsallake komai, ban tsallake ba, har wanda aka ce kada in sani. Sunan Jidda ne, Yaya. Inna ta kwanta kwana biyu bayan na haihu, ta ƙi shiga mota don kada a yi sunan jikarta ba ta nan. Ina can ɗaki ana yi mini lalle, ana kawo mini kunun kanwa, ita tana bayan gida tana riƙe ciki. Ranar suna ta fito ta yi rawa, na gan ta da idona. Baba ya ɗauki maganarka gaban mutane ya haɗiye, ya bar ka kana ganin shi ne, don kada ni in ga ni ce. Da Malam Matiyu ya karanta layin, sai ya tashi ya fita zaure ya bar ni. Jidda ta shigo tana jan zanena, na kasa duban ta.

Yanzu saura nawa laifin. Bayan layin ɗauke wuta, layi ɗaya ne ya rage a rajistar gaba ɗaya. 24 ga Yuni, ƙarfe sha biyu da minti goma: an dakatar da rajista.

Ni na sa aka yi. A takardata ta farko na rubuta maka kamar shawara ake yi, a bari ko a kashe. Gaskiya an riga an kashe tun ranar, gogewa ce kawai ta rage. Tambayoyin jarrabawa nake bugawa, kwamfutar tana ja mini rai, na kira Malam Matiyu da rana na ce ya yi duk abin da zai sa ta yi sauri. Baba yana barci. Na ji nauyin in ce maka na sa an taɓa kayanka ba da izininka ba, shi ya sa na lanƙwasa maganar. Kuma ko saurin ba ta ƙara ba.

Baba bai sani ba. Ranar da la'asar ya yaye rawanin ya zauna kamar kullum. Ya zauna Talata, ya zauna Laraba, da Alhamis, da Juma'a. Kwana biyar yana rubuta maka da yatsa ɗaya, ba mai ɗauka. Ranar Juma'ar na shigo da ruwa na tarar ya gama, ya jingina, ya ce "Alhamdu lillahi", ya rufe ta da kansa. Asabar ya kwanta, bai sake tashi ba.

Malam Matiyu ya duba ko'ina har magariba, ko akwai wani wurin da ta ajiye. Babu. Ya ce in ba ka haƙuri, idonsa ya yi ja. Na ce ba shi da laifi, abin da na roƙe shi ya yi.

Na yi ta ƙoƙarin tuna inda yatsansa yake sauka a kwanakin nan biyar. Ina wucewa ta bayansa da tsintsiya, da kwano, ban taɓa tsayawa na duba ba, don ina jin kunyar in ga ya kasa. Da na tsaya sau ɗaya.

In ka sake tambaya ta yau, a bari ko a kashe, ban san me zan ce ba. Da an goge ranar Asabar, da na ci gaba da goya 'yata ba tare da na san abin da sunanta ya ci ba. Da kuma ban kashe ba a watan Yuni, da yanzu kana riƙe da maganar mahaifinka har ƙarshenta. Ni na yanke maka ita a tsakiya. Ban san da wane baki zan roƙe ka ba.

Kwamfutar tana nan, na mayar mata da rawanin. Ba wanda zai taɓa.

Ƙanwarka,
Zulai.

*

Kalgo,
28 ga Agusta, 2024.

Zulai ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Na karanta. Na rufe shago tun ranar.

Sau huɗu ya rubuta sunana. Har ya gyara inda ya rage harafi.

Sauran kwana biyar ɗin sun tafi, ba mai dawo da su, kada Malam Matiyu ya ƙara wahalar da kansa. Ina son su, ba zan ɓoye miki ba, zan so su har in mutu. Sai dai kalmar da na yi shekara biyu ina jira, ita ce ta ƙarshe a abin da kika kwafo mini.

Maganar Inna, ita ta zaɓa, kuma ta yi rawarta. Ki ɗauki Jidda ki goya.

Ke kuma. Kin sa an taɓa kwamfutar ba ki tambaye ni ba. Kin danne saƙona kwana hamsin. Kin rubuto mini rabin gaskiya. Duk sun yi mini zafi, kuma har yanzu ina jin su.

Amma ki sa tuwo da ni ranar Juma'a. Ki buɗe ɗakin ya sha iska, a can zan sauka.

Yayanki,
Muzzammil.